Rijiya Ta Ba da Ruwa, Guga Ya Hana: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumomin Ilimi Kan Kwasa-kwasan Malamai na Intanet

Zuwa ga masu girma jami'an hukumomin ilimi, da shugabannin makarantu, da jagororin ƙungiyoyin malamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranku ya daɗe, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya. Ni malamin lissafi ne, shekara 17 ke nan ina riƙe da alli. Ba ni da muƙami a kowace ƙungiya, babu kuma wanda ya naɗa ni kakaki. Sai dai maganar da zan yi ba tawa ce ni kaɗai ba, mun daɗe muna tauna ta a ofishin malamai, da ni da 'yan uwana malaman firamare da na sakandare, maza da mata, waɗanda suka gwada ƙaro ilimi ta intanet suka ga daɗinsa, suka kuma ɗanɗani wahalarsa. Da yawunsu nake magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardar umarnin da aka liƙa mana a allon sanarwa a farkon wannan zango. Takardar ta ce an dakatar da bitar da aka saba yi wa malamai a lokacin hutu saboda ƙarancin kuɗi, a maimakonta kowane malami ya nemi kwas na kyauta a intanet ya yi, ya kawo shaida a ƙarshen shekara. Ba a faɗi wane kwas ba, ba a faɗi yaushe za a yi shi ba, ba a kuma faɗi abin da za a yi da shaidar idan an kawo ta ba. Layi biyar ne da sa hannu. Na san ba mu kaɗai aka yi wa haka ba, don duk inda aljihun hukuma ya yi sanyi, kalmar "kyauta" ita ce ta farko da ake jawowa.

Kada ku ɗauka ina kushe waɗannan kwasa-kwasai. Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda suka amfana da su, kuma na san rijiyar tana da ruwa. Tun 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta buɗe kayan darussanta ga kowa, ta kuma fara ɗora su a 2002. A shekarar ne Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, ya kafa PhET a jami'ar Colorado, inda ɗalibi zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allon kwamfuta ya ga abin da zai faru, ko da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji. Jami'ar Open University ta Ingila ta jagoranci kafa TESSA a 2005 domin horar da malaman Afirka kudu da Sahara, ta buɗe dandalin darussan kyauta na OpenLearn a 2006. Dandalin darussa na Khan Academy ya zo a 2008, dandamalin kwasa-kwasai na Coursera da edX suka biyo baya a 2012. Akwai manhajar GeoGebra ga mu malaman lissafi, akwai TeachingEnglish na British Council ga masu koyar da Turanci, akwai littattafan OpenStax na jami'ar Rice da ake saukewa ba ko kwabo. Malamin da ya yi ritaya shekara 30 da suka wuce, da za a nuna masa wannan, sai ya riƙe baki.

Bari in ba ku misali da kaina. Shekara da shekaru, duk lokacin da na ba da 1/2 + 1/3, kusan rabin ajina sai su rubuta 2/5. In ja jan biro, in sake rubuta ƙa'ida a allo, su haddace, bayan mako biyu su koma gidan jiya. Ina cewa yaran ne ba sa mai da hankali. Wani ɗan gajeren kwas na intanet kan kurakuran ɗalibai ne ya buɗe mini ido. Malamar da ke cikin bidiyon ba ta gyara wa yaro amsa ba, tambayarsa ta yi yadda ya samo ta. Washegari na gwada. Na raba musu fallen takarda, na ce kowa ya ninka biyu ya shafa wa rabi fensir, sannan ya ɗauki wani falle ya ninka biyar ya shafa wa kashi biyu, a jera su. Wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba, ta dubi takardun nan biyu ta ce, "Malam, ai amsar tawa ba ta kai ko rabin da na fara da shi ba, to ina abin da na ƙara?" Ajin ya yi tsit. Ranar na gane cewa shekarun nan duka ƙa'ida nake koyarwa, ban taɓa koyar da ma'anar lambar ba. Saboda haka ba ruwan rijiyar nake zargi ba, gugan nake kuka da shi, kuma igiyarsa a hannunku take.

Kukana na farko shi ne lokaci. Kwas ɗin nan da na ba ku labari, tsakanin ƙarfe 11 na dare da 1 na yi shi, na jingina waya da tarin littattafan ɗalibai da ban gama dubawa ba, na rage murya don kada in tashi mutanen gida. Malami yana tashi daga aji da rajista a hannu, da shirin darasin gobe, da takardun gwaji na aji uku ko huɗu. Idan kuka ce ya yi kwas ba tare da kun cire masa ko darasi ɗaya daga jadawali ba, to da barcinsa kuke so ya biya. Ni namiji ne, da sauƙi. Abokiyar aikina mai koyar da kimiyya tana da goyo, ta fara kwas sau uku tana watsarwa a mako na biyu, ba don kasala ba, ita ce ma ta fi mu duka son karatu. A ƙarshen shekara ni zan kawo shaida ita ba za ta kawo ba, wanda zai duba fayil kuma ba zai ga goyon ba, zai rubuta cewa ba ta da himma.

Na biyu, data da na'ura. Kwas kyauta ne, hanyar zuwa gare shi ba kyauta ba ce. Galibin darussan bidiyo ne, bidiyo kuwa yana shan data kamar rairayi da ruwa, kuma daga albashin malami ake saye. Wayar da yawancinmu ke riƙe da ita ƙaramin allo gare ta, ma'ajiyarta a cike, ga aikin da ake ce ka rubuta shafi biyu ka ɗora, sai ka ga babban mutum yana danna haruffa da ɗan yatsa ɗaya har wuyansa ya ƙage. Wanda ke koyarwa inda sabis ba ya kamawa sai ya hau tudu, shi ba a ma maganarsa. Kun ga abin da ya faru a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a ƙasashe fiye da 190, ta raba ɗalibai kusan biliyan 1.6 da azuzuwansu. Wanda yake da na'ura da intanet ya ci gaba, wanda ba shi da su ya tsaya cak. Ban ga dalilin da za a sake gina wannan katanga a tsakanin malamai da sunan ƙarin ilimi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Da lokacin tantancewar ƙarin girma ya zo, na buga takardun shaidar kwasa-kwasai huɗu da na kammala, na sa su a fayil ina alfahari. Jami'in da ke karɓa ya ɗaga ta farko, ya juya bayanta yana neman hatimi, bai gani ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, wa ya tura ka?" Na ce ba wanda ya tura ni, ni na nema. Ya zare su huɗun ya miƙo mini, ya ce ba sa cikin jerin abin da ake ba wa maki. A fayil ɗin wanda ke bayana akwai takardar halartar bitar kwana biyu, wadda ni ma na halarta, na kuma san abin da aka yi a cikinta: jawabin buɗe taro ya cinye safiya, aka karanta mana abin da ke jikin majigi, aka sa hannu a takardar halarta, aka watse. Ita aka ba wa maki. Ban ga laifin jami'in ba, ƙa'idar da aka ba shi yake bi. Amma ku da kuka rubuta ƙa'idar, ku ne kuma kuka liƙa mana takardar da ta ce mu je intanet. An ba mu da hannun dama an karɓe da na hagu. Matasan malaman da suka ga yadda na dawo da takarduna sun koyi darasi nan take, ɗaya daga cikinsu ya ce mini cikin raha, "Yallaɓai, gara in yi barcina." Ban sami abin da zan ce masa ba.

Sai batun rashin jagora. Wanda aka tura kasuwa ba a faɗa masa abin da zai saya ba, duk abin da ya fara gani shi zai kwaso. Intanet cike yake da kwasa-kwasai, masu kyau da tarkace a haɗe. Wasu sai ka yi makonni kana karatu, ka zo ƙarshe a ce takardar shaida sai ka biya, wannan kuwa har a manyan dandamali haka tsarin yake. Wasu ba karatun a ciki sam, bidiyo ne kake dannawa ya wuce, ka amsa tambaya biyar, takarda ta fito da ado kamar katin biki. Akwai kuma 'yan damfara da ke yaɗa saƙo a zaurukan WhatsApp na malamai da tambarin manyan ƙungiyoyin duniya, su ce ka cike fom da lambar asusunka don za a ba ka alawus ɗin horo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takardar umarnin da ta ce a kawo shaida ba tare da ta ce shaidar me ba, kasuwa ta buɗe wa masu sayar da takarda, kuma nan da shekara ɗaya fayilolinku za su cika da satifiket, azuzuwa kuwa suna nan yadda suke.

Ga kuma kaɗaici, wanda ba a cika maganarsa ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard a dandalin edX ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne kawai suka kammala. Wannan ba labarin malamai kaɗai ba ne, halin karatun da mutum ke yi shi kaɗai ne, ba mai tambayarsa ina ka kwana. A ɗaya ɓangaren, cibiyar Learning Policy Institute ta Amurka ta duba bincike 35 a 2017 don gano irin horon da ke canza koyarwa har ɗalibai su amfana. Abin da ta samu bai ba kowane tsohon malami mamaki ba: horon ya shafi darasin da mutum ke koyarwa, a yi shi tare da abokan aiki, a ga misali a aikace, a sami mai bibiya yana gyara maka, a kuma ɗauki lokaci ana yi, ba kwana biyu a tashi ba. Malaman Japan sun fi shekara ɗari suna yin irin wannan, su shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar saura su zauna a bayan aji suna kallon yadda yara ke fahimta, sannan su zauna su warware shi. Bidiyo ba zai shigo ajina ya ce mini na yi saurin wuce wancan misali ba. Abokin aikina na aji na kusa zai iya, idan an ba mu lokacin zama tare.

Zan taɓa batun harshe a taƙaice. Yawancin waɗannan kayan karatu da manyan harsunan duniya aka yi su, kuma ajin da ke cikin bidiyon yara 20 ne, kowa da teburinsa. Malamin da ke koyar da 'yan aji ɗaya da harshen uwa, yara 80 a gabansa, sai ya yi aikin fassara biyu, na harshe da na yanayi. Alhali da yawa daga cikin kayan nan suna ɗauke da lasisin Creative Commons, wanda wasu nau'o'insa suka yarda a fassara, a gyara, a sake rabawa. Shafukan African Storybook da StoryWeaver sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, da labaran yara cikin harsuna masu yawa. Ƙofar a buɗe take, mai shiga ne babu.

Ranku ya daɗe, abin da nake nema ba sabo ba ne, kuma ba alfarma ba ce. A ranar 5 ga Oktoba 1966, a birnin Paris, aka amince da Shawarar ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO da hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya UNESCO kan matsayin malamai, ranar da ake tunawa da ita duk shekara a matsayin Ranar Malamai ta Duniya, kuna kuma yin jawabi a cikinta. Takardar ta ce hukumomi, tare da shawarar ƙungiyoyin malamai, su samar da tsarin horo a bakin aiki wanda kowane malami zai samu kyauta, ta kuma ce a riƙa ba malamai hutun ƙaro karatu lokaci-lokaci da albashi, cikakke ko wani ɓangare. Kyautar da ake nufi a can, hukuma ce ke ɗaukar nauyi don malami ya samu a sauƙaƙe. Ku kun juya ta, malami ke ɗaukar nauyi don hukuma ta huta. A Nuwamba 2019 kuma ƙasashen UNESCO suka amince da wata Shawarar kan buɗaɗɗun kayan ilimi, wadda ta ɗora wa gwamnatoci aikin koya wa mutane amfani da su da kuma tsara manufofin da za su tallafa musu. Ba ta ce a liƙa takarda a allon sanarwa a tafi ba.

Saboda haka ga buƙatunmu. Ku ware lokacin ƙaro ilimi a cikin jadawalin mako, a rubuce, kamar yadda ake rubuta lissafi da kimiyya, ko da awa biyu ne, kuma kada shugaban makaranta ya mayar da shi lokacin taron malamai ko cike gurbin wanda bai zo ba. Singafo tana ba malamanta damar awa 100 na horo a shekara. Ba mu ce ku kai can gobe ba, amma ku fara daga wani wuri da ya fi sifili.

Ku kafa ƙaramin kwamiti, wanda akasarin 'yan cikinsa malaman aji ne masu koyarwa yanzu, ba waɗanda rabonsu da alli ya kai shekara 20 ba, su tace kwasa-kwasan nan darasi-darasi, su fitar da gajeren jeri, a riƙa sabunta shi duk shekara. A rubuta ƙarara wanne ne kyauta har ƙarshe, wanne ne shaidarsa sai da kuɗi. Duk kwas ɗin da ya shiga jerin, ya zama yana da maki a ƙarin girma. Idan kuna tsoron takardun bogi, kuna da gaskiya, maganinsa kuwa mai sauƙi ne: kada ku tsaya ga takarda. Ku ce malami ya kawo shirin darasin da ya canza saboda kwas ɗin, da samfurin aikin ɗalibansa, mai duba makarantu ya shiga aji ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Ni a shirye nake a shigo ajina ranar da nake koyar da kason lamba.

Game da data, ku daina tunanin kowane malami sai ya sauke bidiyo ɗaya da kuɗinsa. A sauke sau ɗaya a raba wa kowa. Manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality an yi ta ne don wurin da babu intanet, ana sa ta a tsohuwar kwamfuta guda, wayoyin da ke kusa su jona su karanta. PhET ma ana sauke shi a yi amfani da shi ba tare da intanet ba. Kwamfuta ɗaya mai aiki a ofishin malamai, da wurin caji, da mutum ɗaya da aka koya wa kula da ita, sun fi tarin na'urorin da ake ƙaddamarwa da hotuna sannan a kulle a sito don kada su lalace. Ku zauna kuma da kamfanonin sadarwa, kamar yadda ƙasashe da dama suka yi a lokacin korona, a cire cajin data a kan zaɓaɓɓun shafukan ilimi.

Ku sa a riƙa yin kwas a ƙungiyance, malamai huɗu ko biyar masu darasi ɗaya, daga makaranta guda ko makarantun da ke maƙwabtaka, su kalla tare, kowa ya je ya gwada a ajinsa, su dawo su faɗi inda ya yi da inda ya ƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abokiyar aikina mai goyo za ta gama kwas ɗinta idan da rana ake yi, a makaranta, tare da mu. Malamin da ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai, a tabbatar kwas ɗin da aka zaɓa yana da rubutun magana a ƙasan bidiyo kuma manhajar karanta allo tana iya bin sa. Malaman da suka iya fassara, a ba su aikin mayar da kayan nan harsunan da ake koyarwa da su, a biya su, a sa sunansu a jiki.

Bitar ido da ido kuma ku dawo da ita, amma ba irin ta da ba. Abin da za a iya kallo a waya a bar wa waya, ranar haɗuwa ta zama ta gwaji da gyara.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyinmu, ina da ƙorafi a kanku. Duk lokacin da kuka zauna da hukuma, albashi da alawus ne a kan tebur, kuma muna godiya, don da su muke rayuwa. Amma takardar 1966 ta ambace ku a wannan batu, ta ce da shawararku za a tsara horo. Takardar umarnin nan ta fito, ban ji ko tari daga gare ku ba. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, fiye da rabinsu don maye gurbin waɗanda ke barin aikin. Kuɗi na cikin abin da ke korar mutane, ba musu. Amma na ga haziƙan matasa sun ajiye alli saboda sun lura cewa a wannan aiki, wanda ya ƙara ilimi da wanda bai ƙara ba layi ɗaya suke bi.

Muna roƙon ku janye takardar nan ku sake rubuta ta kafin ƙarshen wannan zango, a wannan karon da malaman aji a wurin zaman. Takardun shaidata huɗu suna nan a cikin durowa, a cikin ambulan ɗin da aka dawo mini da su. Na yi rajistar kwas na biyar a makon jiya, kan koyar da aljabara a aji mai cunkoso, kuma ina so in san ko da rana zan yi shi ko da tsakar dare.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,
Malamin lissafi, a madadin 'yan uwansa malaman aji.